Ƙarar Talaka Da Kotunan Duniya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗejia, ko da bai taɓa buɗe littafin tarihi ba, ya san abin da ya auku a watan Afrilu na shekarar 1906, sa'ad da rundunar Turawan Ingila ta taso daga Kano a ƙarƙashin Kanar Lowry Cole, da igwa da bindiga mai ruwa, ta kutsa cikin birni, aka yi ta ba-ta-kashi lungu-lungu har aka kashe Sarki Muhammadu, wanda tun daga ranar ake kiransa Mai Shahada, shi da jarumansa masu yawa waɗanda suka tari harsashi da takobi da mashi. Wata guda kafin haka waɗannan Turawa sun baje garin Satiru da ke kusa da Sakkwato, suka hallaka kimanin mutum 2,000. Labari ya kai Landan, har Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka, ya rubuta a takardun ofis cewa kisan Satiru ya dame shi. Amma damuwar tasa ba ta fita daga cikin takarda ba. Lugga kuwa, shugaban Turawan mulkin Arewa, wanda da umurninsa aka yi duk wannan, an naɗa shi Gwamnan Hong Kong a 1907, aka komo da shi a 1912, ya haɗa Kudu da Arewa a 1914, ya tsufa cikin girma, babu alƙalin da ya taɓa tsayar da shi ya tambaye shi jinin kowa.

A wancan zamani babu wata mahukunta a bayan ƙasa inda mutumin Haɗejia zai kai ƙarar wanda ya mallake shi, domin mai bindiga shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma mai rubuta labarin abin da ya faru. Yau kuwa duniya ta cika da yarjejeniyoyi da kotuna. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam a 1948. Ƙasashen Afirka sun ƙulla tasu yarjejeniyar a 1981, Nijeriya ta mai da ita dokar gida a 1983. A 2001 kuma ta shiga yarjejeniyar Rum wadda ta haifi Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke birnin Hague. Tsarin mulkinmu na 1999 ya tsare rai a sashe na 33, ya tsare faɗin albarkacin baki a sashe na 39, ya tsare taruwa cikin lumana a sashe na 40. To, da yake duk waɗannan suna nan a rubuce, da sa hannu da hatimi, ya kamata mu tambayi kanmu, da natsuwa ba da hayaniya ba, abin da ya sa har yanzu in hukuma ta harbi talaka don ya ɗaga murya, magana takan mutu kafin a yi sadakar arba'in.

Wanda bai san fadama ba, da wuya ya gane abin da ya fito da mutane kan titi a ranar 1 ga Agusta, 2024. Manomin rani a Auyo ko Kirikasamma ba ya noma da addu'ar ruwan sama kaɗai; rayuwarsa tana rataye ne da ɗan injin ban ruwa da yake ɗaurawa a bayan babur tun da asuba, ya kai shi bakin kogi ko kan rijiyar burtsatse, ya zuba masa fetur daga galan, ya ja igiya, sa'an nan ya tsaya da fartanya yana buɗe wa ruwa hanya fangali bayan fangali. Litar da yake saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ta haura naira 600, taki ya bi ta, kuɗin motar kai shinkafa da tattasai kasuwa ya bi su, alhali kuwa bai gama farfaɗowa daga ambaliyar 2022 ba, wadda ta cinye gonaki da gidaje a masarautar Haɗejia. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta gwamnati da kanta ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Mutumin da ya rage fangalinsa don ba ya iya sayen mai, ya kuma rage kwanon tuwon gidansa, ba ya bukatar wani baƙo daga waje ya koya masa cewa yana jin yunwa.

Na sani sarai, kuma ba zan ɓoye ba, cewa a cikin masu zanga-zangar nan an sami ɓata-gari waɗanda suka fasa rumbuna da ofisoshi suka kwashi dukiyar jama'a, a Kano da Jigawa da wasu wurare, har gwamnoni suka kafa dokar hana fita, cikinsu har da Gwamna Umar Namadi na Jigawa. Ɓarawo a kama shi, a kai shi gaban alƙali, a kawo shaidu, a yanke masa hukunci daidai laifinsa. Wannan babu mai hankalin da zai yi jayayya da shi. Amma ƙungiyar Amnesty International, bayan ta bi gidaje da asibitoci ta ji daga bakin iyaye da shaidu, ta fitar da rahoto a watan Nuwamba na 2024 cewa an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Borno da Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa da Neja, mafi yawansu matasa, da harsashi mai rai, an kuma tsare fiye da mutum 1,200. Rundunar 'yan sanda ta ƙaryata rahoton, ta nemi a janye shi. Ga da'awa, ga musu. Kuma ko ɗalibin da ya fara karatun fiƙihu jiya ya san cewa in mai da'awa da mai musu suka tsaya, aikin da ya rage na alƙali ne wanda ba ya cikin ɓangarorin biyu, ba wai wanda ake tuhuma ya binciki kansa ya wanke kansa ba.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ciwo. A ranar 1 ga Nuwamba, 2024, aka shigo da mutum 76 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, da yawansu yara ne da aka kwaso daga Arewa, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare, aka karanta musu tuhumar cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa ke iya kai wa ga kisa. Duk wanda ya ga hoton wannan zama a wayarsa ba zai manta ba: yara ramammu, wuya kamar zare, riguna sun yi musu yawa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, lauyoyi suka sunkuya suna tallafo su suna yi musu fifita. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10, kuɗin da iyayensu ba su taɓa gani ba ko a mafarki. Da duniya ta ɗauki ɗumi, a cikin kwana uku Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurni a sake su, aka miƙa su ga gwamnoninsu. Mun gode Allah da suka koma gida. Amma a lura da abin da ya buɗe ƙofar nan, watau kunyar idon duniya, domin hujjar da aka ba da umurnin sakinsu da ita a ranar 4 ga Nuwamba tana nan tun ranar da aka kama su. Haka aka yi a ƙarshen 2022, sa'ad da aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda 'yan kalmomi da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, har aka tura shi kurkukun Suleja, ba a janye ƙarar ba sai da ɗalibai da ƙungiyoyin gida da na waje suka matsa.

Wannan hali ya girmi gwamnatin yau, ya kuma girmi kowace jam'iyya da ke ƙasar nan. Dattawanmu suna tune da zamanin NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agusta na 1950, lokacin da 'yan doka ke kama mutum don ya yi lacca ba da izni ba, a gurfanar da shi gaban alƙalin En'e a ce ya zagi sarki, a yi masa bulala ko a ɗaure shi, kamar yadda aka ɗaure Gambo Sawaba sau da yawa. A watan Afrilu na 1980, a ƙarƙashin mulkin farar hula, manoman Bakolori da aka karɓe wa gonaki don gina madatsar ruwa suka tare hanya suna neman diyya, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta ce mutum ashirin da wani abu suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. A Zariya, a watan Disamba na 2015, hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ta tabbatar da cewa an binne mutum 347 a rami guda bayan arangamar sojoji da mabiya Shaihu Ibrahim Zakzaky, ta kuma ba da shawarar a hukunta masu hannu, ba a gurfanar da soja ko ɗaya ba. Saɓanin aƙida da waɗanda aka kashe ba ya halatta wa kowa yin shiru, domin dokar da ta kasa tsare jinin wanda ba ka so ba za ta tsare naka ba ranar da aka juyo kanka. Mutanen fadamar nan sun fi kowa sanin ƙarshen toshe hanya: tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta sauya, kachalla ta cike magudanan kogi, ruwan da aka hana bin hanyarsa bai koma inda ya fito ba, sai ya fasa ta gonaki da garuruwa. Ƙorafin talakawa ma haka yake.

Akwai masu cewa, kuma wasunsu da kyakkyawar niyya, kai kukan gida waje tonon asirin ƙasa ne, kuma maganar haƙƙin ɗan Adam kayan aro ne daga Turawa. Ina roƙonsu da girmamawa su koma ga littattafan da ke cikin zaurukan malamanmu. Malaman siyasar shari'a sun keɓe babi sukutum ga abin da suka kira mazalim, watau mahukuntar da talaka ke kai ƙarar gwamna da hakimi da jami'in haraji, wadda aka kafa musamman domin alƙalin gari yakan ji nauyin mai iko. Shaihu Magili, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, ya yi ta nanata cewa babbar musiba ita ce sarki ya shiga hijabi ya bar talakawansa ba su iya kai gare shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafta zaluncin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙwace dukiya zuwa hukunci bisa son rai. Kafin su duka kuwa akwai Hilful Fuduli a Makka, sa'ad da wani baƙon fatake daga Yaman, wanda wani babban mutum ya cinye wa kuɗin kaya, ya rasa dangin da za su tsaya masa, ya ɗaga murya a bainar jama'a, sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci wannan alkawari yana saurayi, ya kuma yabe shi bayan an aiko shi. Asalin hikimar kotunan ƙasa da ƙasa ke nan: haƙƙin wanda aka zalunta ya wuce iyakar dangi da gari. Gwamnatin da ba ta son a kai ƙararta waje tana da magani a hannunta, ta buɗe ƙofar mazalim a gida.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu game da ƙarfin waɗannan kotuna. Wadda ta fi kusa da mu, kuma ta fi amfanar talaka, ita ce Kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda tun 2005 mutum ɗaya ke iya shigar da ƙarar gwamnatinsa a gabanta ba tare da ya gama zagaye kotunan gida ba. Ita ce a 2008 ta yanke wa Hadijatou Mani hukunci, baiwar Allah daga yankin Ƙonni da aka sayar tana yarinya, ta ce ƙasar Nijar ta kasa tsare ta daga bauta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10, aka kuma biya. Ita ce a 2022 ta ce rufe Twitter da gwamnatin Nijeriya ta yi ya saɓa doka, a 2024 kuma ta ce an keta haƙƙin masu zanga-zanga a Lekki da ke Legas. Amma ita ce kuma ta ce a saki tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Sambo Dasuki a 2016 ba a sake shi ba sai ƙarshen 2019, ta ce a saki hamɓararren shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Disamba 2023 sojojin Yamai suka yi kunnen uwar shegu, daga bisani ma Nijar ta fice daga ƙungiyar ɗungurungum, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka rasa wannan ƙofa. Kotun Afirka da ke Arusha kuwa, Nijeriya ba ta yi sanarwar da za ta ba ɗan ƙasa damar shigar da ƙara kai tsaye ba. Ita kotun Hague, mai gabatar da ƙararta ta lokacin, Fatou Bensouda, ta bayyana a Disamba 2020, bayan nazarin shekara goma, cewa akwai dalilin gaskata cewa Boko Haram da jami'an tsaron Nijeriya duka sun aikata manyan laifuka. Har yau ba a gurfanar da kowa a can ba. Masu zargin wannan kotu da cewa ta fi ƙarfi a kan raunana suna da hujja, gama ta ba da sammacin kama Vladimir Putin a 2023 da Benjamin Netanyahu a 2024, dukansu suna nan a kujerunsu, Amurka kuma ta ƙaƙaba wa jami'an kotun takunkumi. Amma aibin alƙali ba ya wanke mai laifi, kuma in ma'auni ya karkace gyara shi ake yi.

Duk da wannan rauni, akwai lokutan da hukunci ya cim ma masu iko, kuma in aka duba za a ga abu guda ne ya kawo shi. Ruwan kogin Haɗejia, in ya wuce Gashuwa ya bi Komadugu, a Tafkin Chadi yake ƙarewa. A can ƙasar Chadi Hissène Habré ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990, ya cika kurkuku da masu saɓa masa. Wani ma'aikaci mai suna Souleymane Guengueng, wanda ya tsira da kyar daga wannan kurkuku, ya yi alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa, ya bi waɗanda suka tsira da iyalan mamata ɗaya bayan ɗaya yana rubuta suna da rana da wuri, ya ɓoye takardun shekara da shekaru. A 2001 aka gano takardun 'yan sandan asirin Habré a zube cikin ƙura, ɗauke da sunayen mutum fiye da 12,000. Da waɗannan da waɗancan ne wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a ranar 30 ga Mayu, 2016, shekara 26 bayan faɗuwarsa. Haka tsofaffin Kenya da Ingila ta azabtar a zamanin Mau Mau: sai da aka tilasta fito da takardun da aka ɓoye, sa'an nan a 2013 gwamnatin Ingila ta amsa ta biya mutum 5,228 kusan fam miliyan 20. Babu kotun da ke hukunci da jita-jita, ta gida ce ko ta waje. Suna take nema, da rana, da takardar likita, da mutum biyu ko uku da za su tsaya su ce da idonmu muka gani.

A nan ne nake ganin nauyi ya komo wuyanmu, kuma a nan ne magana ta fi wuyar faɗi. Al'adarmu, wadda addini ya koyar kuma muke alfahari da ita, ita ce gaggauta suturta mamaci. Yaro ya faɗi da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka an sallace shi an kai shi makwancinsa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, masu ta'aziyya suna shigowa suna cewa sai haƙuri, uban ya sunkuyar da kai ya ce ya bar wa Allah. Ba likitan da ya rubuta inda harsashi ya shiga, rigar da ke da jini an wanke ta ko an binne, abokansa da suka ɗauko shi sun watse don tsoron kada a ce da su aka yi. Bayan wata uku in hukuma ta ce ba a kashe kowa ba, da me za a ƙaryata ta? Haƙuri ibada ne, tawakkali kuma ado ne ga mumini, ba ni da ja a kan wannan. Amma shari'ar da ta umurce mu da haƙuri ita ce ta ba waliyyin jini haƙƙin ƙisasi ko diyya ko afuwa, ta bar zaɓi a hannunsa, ita ce kuma ta sa ɓoye shaida cikin manyan zunubai. Afuwar da aka yi bayan an san wanda ya yi laifi, ita ce afuwa mai lada. Shirun da tsoro ya haifa kuwa sunansa daban, kuma shi ne ke ba mai harbi na gaba ƙarfin zuciya.

Saboda haka ina kira ga limamanmu da masu unguwanni, waɗanda babu gawar da ke fita ba da saninsu ba, su riƙa rubuta sunan duk wanda ya mutu ta hannun jami'in hukuma, da shekarunsa da ranar da wurin da sunayen waɗanda suka gani, kafin a ɗauki makara. Wannan ba ya jinkirta jana'iza ko da rabin sa'a. Likitocin asibitocinmu su ba iyalai takardar abin da suka gani a jikin mamaci ko mai rauni ba tare da an roƙe su ba. Lauyoyinmu 'yan asalin masarautar nan, waɗanda ke Dutse da Kano da Abuja, su tuna cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta riga ta yanke tun 2007, a shari'ar da ta taso daga taron jam'iyyar ANPP da aka tarwatsa a Kano a 2003, cewa ba a bukatar iznin 'yan sanda kafin a yi taro cikin lumana, kuma akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Su ɗauki ƙarar marasa hali zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da kotunan gida, in an toshe su wuce Kotun ECOWAS. Gwamnatin Kano ta kafa hukumar bincike a kan abin da ya faru a watan Agusta na 2024. Haƙƙin mutanen Jigawa ne a kan Gwamna Namadi da Majalisar Dokoki ta jiha su buga, da Hausa, sunayen waɗanda suka mutu da waɗanda suka ji rauni da waɗanda aka tsare a wannan jiha a cikin kwanakin zanga-zangar, da sunan jami'in da ya jagoranci kowane ayari, da abin da aka biya iyalai in an biya. 'Yan majalisarmu na tarayya kuma su nemi gwamnati ta yi sanarwar da za ta buɗe wa ɗan ƙasa ƙofar kotun Arusha, su kuma tilasta mata bin hukuncin Kotun ECOWAS, wadda ginin da take zama a cikinsa yana cikin babban birnin ƙasarmu.